Yadda Za A Yi Muhawara Kan Amfanin Falsafa A Majalisa, A Kuma Tashi Lafiya

Ɗan wana ya nemi karatun lauya, jami'a ta ba shi falsafa. Da murnarsa ya kawo takardar majalisarmu ta bakin teburin mai shayi a Agege. Bai gama zama ba wani Alhaji da muke kasuwar gwari tare a Mile 12, abokin mahaifinsa tun suna samari, ya ce masa: "To kai yaro, in ka gama wannan abin, me za ka sayar?" Wani daga ƙarshen benci ya ce shi dai a iya jinsa, falsafa ƙofar kafirci ce. Yaron ya harzuƙa, ya juya harshe zuwa Turanci, ya jero sunayen Turawa sun fi goma, ya rufe da cewa mutum ba ya kushe abin da bai sani ba. Alhaji ya ajiye kofinsa ko rabi bai sha ba, ya zura takalmi ya tafi. Mako uku bai leƙo majalisar ba. Na san abin ya sosa masa rai, domin shi ya biya wa yaron kuɗin jarrabawar kammala sakandare a shekarar da wana ya yi doguwar jinya.

Abin ya tsaya mini. Aikina riƙe wa dillalan albasa lissafi, amma kafin in zo Ikko na yi shekaru ina karatun zaure a Zariya, na kuma taɓa boko har difloma, don haka ina jin bakin kowane ɓangare. Abin da na gani a daren nan shi ne babu wanda ya amsa maganar wani. Alhaji cikin yaron yake ji, na ƙarshen benci imaninsa yake ji, shi kuma yaron mutuncinsa yake karewa. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba da haƙuri, na sake haɗa zaman bisa sharuɗɗa. Mun yi shi sau huɗu yanzu. Abin da na koya zan shimfiɗa a nan, don wannan musun ba namu kaɗai ba ne. Duk gidan da aka ba yaro wannan kwas, ko wani ya ga guntun bidiyo a waya ya zo yana tambayoyi masu nauyi, sai ya taso.

Ka fara da lokaci. Kada a yi da dare, lokacin da kowa ya sha cunkoson hanya ya dawo da ciwon kai. Mu bayan la'asar ranar Lahadi muke zama, kiran magariba shi ne ƙararrawar tashi, ko maganar wa ke baki. Mutane kada su wuce takwas. A samu dattijo ɗaya da kowa ke jin kunyarsa ya riƙe zaman. Ba hukunci zai yanke ba, shi dai ya ce wane ka gama, wane bismilla. Wayoyi su koma aljihu, a bar guda ɗaya a hannun mutum ɗaya saboda duba shekara ko suna in an yi saɓani. Sharaɗin da ya fi yi mana aiki kuwa shi ne na harshe: da Hausa za a yi, kuma duk kalmar da mai shayi bai gane ba, Turanci ce ko Larabci, wanda ya furta ta sai ya warware ta kafin ya ci gaba. Dogon Turanci da dogon Larabci duk maɓoya ce. Wanda ya fahimci abu zai iya faɗinsa da harshen da ya sha a nono.

Akwai ƙa'ida ɗaya daga ladubban munazara, wato muhawarar ilimi, da malamai ke koyarwa, a karanta ta a farkon kowane zama: in ruwaito magana kake, ka nuna ingancin inda ka samo ta, in da'awa kake, ka kawo hujja. "Na ji an ce" ba ya zama hujja a wannan benci.

Daga nan, kafin kowa ya ce tana da amfani ko ba ta da shi, a zaga a tambayi kowa: da ka ce falsafa, me kake nufi? A nan za a daɗe, kuma a bari a daɗe, don rabin rigimar a nan take mutuwa. A zamanmu na farko mutum bakwai ne, amsa biyar muka samu. Wani ya ce ilimin musun samuwar Allah. Wani ya ce iya magana. Mai gyaran waya da ke Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, ya ce tunanin banza na wanda ya ƙoshi. Yaron ya ce asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta son hikima, ta bi ta Larabci ta iso mana. Gaskiya ya faɗa, amma asalin kalma ba ya gaya maka abin da ke cikin buhu.

Wanda ya kwance mana buhun shi ne Imam Gazali, kuma ina ba kowa shawara ya shiga wannan muhawara da shi a hannu, domin duk ɓangarorin biyu suna ganin girmansa. Ya rayu daga 1058 zuwa 1111. Masu cewa falsafa ɓata ce da sunansa suke fara kafa hujja, saboda littafinsa Tahafutul Falasifa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, kafin ya soki masu falsafa sai da ya zauna ya karance su, har ya rubuta littafi guda yana bayyana manufofinsu dalla-dalla. A cikin Almunƙizu minad Dalal kuma ya kasa iliminsu gida shida: lissafi, manɗiƙi wato ilimin tsara hujja, ilimin halittu da ɗabi'arsu, ilahiyyat wato maganar Ubangiji da abin da ido ba ya gani, siyasa, da ɗabi'u. Lissafi da manɗiƙi ya ce babu ruwansu da tabbatar da addini ko kore shi. Har ya yi gargaɗi kan jahilin masoyin addini da zai ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, ya ce ɓarnar irin wannan ga addini babba ce. A gidan ilahiyyat ne ya ɗaura ɗamara. Mas'ala ashirin ya tattara, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama.

Ka ga ke nan, in wani ya ce falsafa haram ce, tambayar da za a yi masa cikin ladabi ita ce: wane gida daga cikin shidan? In ya ce na huɗu, to yana da magabata a bayansa, kuma a yarda da shi cewa ruwa ne mai zurfi. In ya ce duka, to ya wuce Gazali tsanani, sai ya kawo tasa hujjar.

Shawarata, a ware maganar halacci a yi mata zama nata daban, a gayyato malami. In aka cakuɗa ta da maganar amfani, duk wanda ya ce tana da amfani sai a riƙa yi masa kallon mai raunin imani, daga nan kuma babu sauran muhawara sai kare kai. Amma ko a zaman farko akwai abu biyu zuwa uku da ya kamata kowa ya sani, don a daina ganin abin kamar kayan da Bature ya sauke a tashar Apapa. Littafin Ahalari da duk wanda ya zauna a zaure ya fara da shi wajen koyon tsarki da salla, mawallafinsa Abdurrahman al-Ahdari, mutumin ƙasar Aljeriya ta yau, shi ne kuma ya tsara waƙar Sullam a kan manɗiƙi yana ɗan shekara 21. A ciki ya kawo saɓanin da kansa: Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ma ya kare manɗiƙi, har suka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi wanda ke hana shi. Ibn Rushd mai Bidayatul Mujtahid, alƙalin Malikiyya a Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1198, shi ya mayar wa Gazali martani da littafi sukutum. A gida kuma akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864 ya kuma yi rubuce-rubuce a wannan fanni a ƙasar Sakkwato. Ranar da na ambaci Ahalari, na ƙarshen bencin nan shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, wannan Ahalarin dai namu?" Na ce shi fa.

Sai kalma ta biyu: amfani. Ita ma a zaga da ita. Alhaji ya ce amfani shi ne abin da zai sa tukunya a wuta. Aka ce masa to haddar Alƙur'ani fa, da zumunci, da zuwa jana'iza? Ya ce waɗannan amfaninsu na lahira ne da na zaman tare. Aka ce to tarihi fa? Ya yi tunani ya ce yana hana mutum faɗawa ramin da na gaba ya faɗa. Cikin minti goma shi da kansa ya faɗaɗa ma'anar daga kuɗi zuwa abu uku ko huɗu. A nan akwai tarkon da nake roƙon masu goyon bayan falsafa su guje masa. Da zarar dattijo ya fara rarrabe ma'anoni haka, bakin ɗalibi yana ƙaiƙayi ya ce, "Ai ga shi kai ma falsafar kake yi!" Maganar gaskiya ce, amma in ka faɗe ta a lokacin, mutumin zai ji kamar rami ka haƙa masa, sai ya janye. Ka bar shi ya gano da kansa, ko mako biyu ne.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi wuya: kowane ɓangare ya faɗi hujjar abokin hamayyarsa, har sai shi abokin hamayyar ya ce e, haka nake nufi. Ana ruwaito daga Imam Shafi'i cewa bai taɓa munazara da wani ba face yana fatan gaskiya ta bayyana ko da a harshen wancan ne. Na sa yaron ya tsaya ya kawo hujjojin masu cewa falsafa shan iska ce, kuma ban bar shi ya kawo masu rauni ba. Hujjojin nan suna da ƙarfi. Tun zamanin Aflatun, babban malamin falsafar Girka, ake tambayar mene ne adalci, fiye da shekara dubu biyu da ɗari uku ke nan, har yau ba a sa hannu kan amsa ɗaya ba, alhali likitanci da injiniyanci kullum gaba suke yi. Babu kamfanin da ke manna takarda a ƙofa yana neman masanin falsafa. Tana iya sa wa yaro girman kai da son ƙure manya. Tana iya jefa shakka a zuciyar da ba ta da tushe. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406 kuma ba wanda zai kira shi maƙiyin tunani, ya ware babi a Muƙaddima yana rushe da'awar masu falsafa cewa hankali kaɗai zai kai su ga sanin gaibu. Amfani ɗaya ya yarda tana da shi, wato wasa ƙwaƙwalwa wajen tsara hujja, ya kuma ce kada mutum ya kusance ta sai ya ƙoshi da ilimin shari'a. Da yaron ya gama, Alhaji ya gyara zama ya ce, "To ashe ka san abin da nake tsoro." Daga wannan lokaci ne ya fara saurarensa.

Labarai suna taimakawa, amma a zaɓe su. Akwai mutum ɗaya da kowane ɓangare zai samu nasa a jikinsa, Talis mutumin Militas, wanda ake lissafa shi farkon masu falsafar Girka. Aflatun ya ba da labarin cewa yana tafe yana kallon taurari ya rufta rijiya, wata baiwa ta yi masa dariya, ta ce yana son sanin abin da ke sama alhali bai ga na gaban ƙafarsa ba. Aristo, ɗalibin Aflatun, kuma ya kawo ɗayan: mutane suna yi masa gorin talauci, suna cewa ga inda falsafa ke kai mutum. Sai ya duba alamun sama tun cikin hunturu ya hango zaitun zai yi albarka a shekarar. Ya tattara ɗan abin da ke hannunsa ya ba da kafin alƙalami a kan duk matatsar man zaitun da ke Militas da Kiyos, da araha, don ba mai nema a lokacin. Da kaka ta yi, kowa na neman inda zai matse, ya ba da haya a farashin da ya ga dama.

Na yi zaton 'yan kasuwa za su tafa. Alhaji sai ya ɓata rai ya ce, "Wannan ai ƙuntata wa mutane ne. Ya tare hanya ya ce sai ta wurinsa." Kuma ya yi daidai, domin shi kansa Aristo a matsayin misalin kame kasuwa a hannu ɗaya ya kawo labarin.

Ɗaya labarin na mai gyaran waya ne. Ƙa'idojin manɗiƙi da Aristo ya tsara sun yi ƙarnoni ana ganin su kayan malamai ne kawai. A 1854 wani Bature ɗan Ingila, George Boole, ya mayar da su lissafi, inda magana ko dai gaskiya ce ko ƙarya, ɗaya ko sifili. A 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa za a iya gina wannan lissafi da makunnan lantarki. Duk kwamfuta da wayar da ake kwancewa a Ikeja a kan wannan take tafiya. Mai gyaran waya ya jinjina kai. Alhaji kuma ya ce, "Madalla. To wa zai ciyar da yaron nan kafin shekara dubu biyun ta cika?" Kada a yi wa irin wannan tambaya dariya, kada kuma a kauce mata. Amfanin ilimi ga duniya daban, amfanin takardar shaida ga ɗan talaka daban, kuma a faɗi haka ƙarara. Abin da nake hanawa kuwa shi ne jero manyan mutanen da suka karanta falsafa. Wani ya ambaci Peter Obi, wanda ya karanta ta a Nsukka, nan take zance ya koma zaɓen 2023, da ƙyar dattijonmu ya dawo da mu.

Duk wannan share fage ne. Inda ake gane na ƙwarai shi ne a ɗauko matsala ɗaya daga rayuwar mutanen da ke zaune, a sa ta a tsakiya, a ga ko kayan aikin falsafa za su iya da ita. Mun fara da mai sauƙi, MMM, harkar zuba kuɗin nan wadda ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016 bayan ta yi alƙawarin riba kashi talatin cikin ɗari duk wata. Na ɗauki biro na buga a bayan kwalin madara: in hakan gaskiya ne kuma kana mayar da ribar, naira dubu ɗari za ta haura miliyan biyu da dubu ɗari uku a shekara. Wace sana'a ke haifar da haka? Yaron ya nuna inda tunanin ya karkace: maƙwabcina ya samu, wane ma ya samu, saboda haka ni ma zan samu, alhali ba wanda ya tambayi daga aljihun wa ake biyansu. Alhaji ya ce shi bai karanta komai ba amma bai shiga ba, don ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Na ce haka ne, Alhaji, kuma mai Sullam da kansa cewa ya yi matsayin manɗiƙi ga hankali kamar matsayin nahawu ne ga harshe. Balaraben ƙauye yana magana daidai bai san nahawu ba, amma in ɗansa ya yi kuskure ba zai iya nuna masa ƙa'idar da ya karya ba. Masu digiri da yawa sun zuba kuɗinsu a MMM, su ma a tuna da su.

Mai wuyar ita ce ta albasa, kuma ita ce ta ci mana zama guda cur. Kowa ya san ana sayen albasa da kaka a wurare irin su Aliero, a adana, a fito da ita in ta yi tsada. Tambayar: yaushe wannan ke zama dabarar kasuwa, yaushe yake zama zalunci? Na ba yaron dama ya yi tambaya irin ta Sukurat, wanda 'yan boko ke kira Sokaratis, wato kada ya faɗi ra'ayinsa, tambaya kawai. Amma sai da na ja shi gefe na tuna masa cewa mutanen Atina sun yanke wa Sukurat hukuncin shan guba a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma cikin abin da ya tara masa maƙiya har da ƙure manya a bainar jama'a. Na ce ka tambaya kamar mai neman sani, don mai neman sanin ne kai, ba ka taɓa asarar buhu ko ɗaya ba.

Ya ce, "Baba Alhaji, wanda ya adana albasa wata huɗu, ya halatta ya ci riba?"

"Ƙwarai. Ya ɗaure kuɗinsa, ya biya rumbu, wata ta ruɓe, wata ta tsiro, nauyi ya ragu."

"To in shi kaɗai ke da ita a kasuwa ranar, ya ninka kuɗin sau uku fa?"

"Kasuwa ce ta ba shi."

"To Baba, me ya raba shi da mutumin zaitun ɗin nan da ka ce ya tare hanya?"

Alhaji ya yi shiru yana juya cokali a kofi. Can ya ce bambancin shi ne wancan shi ya haddasa ƙarancin da hannunsa, wannan kuwa tarar da shi ya yi. Wani ya ce to in dillalai biyar suka haɗa baki suka ƙi sauke mota sai gobe fa? Alhaji ya ce wannan kam sun zama mutumin zaitun. Wani ya kawo hadisin da aka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi ya ƙi, wani kuma ya kawo hanin ɓoye abinci. Aka shiga rarrabe abincin da rai ya dogara da shi da wanda ba haka ba, da lokacin yalwa da lokacin yunwa. Kafin magariba mun fitar da ma'auni uku da kowa ya yarda da su: wa ya jawo ƙarancin, me mutum ya ɗauka na kasada, kuma wa zai kwana da yunwa saboda farashin. Shekara ashirin ina rubuta wa mutanen nan lissafi, ban taɓa jin sun faɗi waɗannan a fili ba, ko da yake da yawansu da su suke aiki.

In aka zo nan, sai a jawo hankali ga abin da ke gida. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aiki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya fitar da nazari a 1974 kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya lissafo gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba shi ya ƙirƙiro su ba, a bakin kakanninmu ya tsince su. A nan Legas kuma, Farfesa Sophie Oluwole da ta koyar a Jami'ar Legas da ke Akoka, mace ta farko da ta samu digirin digirgir a falsafa a Nijeriya, ta yi shekaru tana nuna cewa Yarabawa suna da tsararren tunani nasu a cikin maganganun magabatansu, har ta kwatanta Orunmila, gwanin hikima a al'adarsu, da Sukurat. Ta rasu a 2018. Ni ina ganin karin maganarmu yana jiran irin wannan aiki, kuma yaran da ake ba wannan kwas ba da son ransu ba su ne za su iya yi, in sun riƙe Hausarsu.

Ra'ayina, tunda ba daidai ba ne in haɗa mutane musu ni in ɓoye nawa: kashi mafi girma na falsafa kayan aiki ne, kamar dutsen wasa wuƙa a mahautar Oko-Oba. Ba ya yanka nama, amma ka duba mahaucin da ba shi da shi. Wani kashi kuma lallai nishaɗin ƙwaƙwalwa ne, kuma ban ga aibu a hakan ba matuƙar bai hana salla da neman abinci ba. Sai kashi na ukun da Gazali ya yi faɗa a kansa, wanda ba zan so ɗana ya shige shi shi kaɗai da waya a hannu ba, sai da malami da tushe. Game da takardar kuwa ban yaudari yaron ba. Na ce masa hanyoyinta koyarwa ne, aikin jarida, aikin gwamnati, ko ya ɗora wani karatun a kai, kuma duk cikinsu babu mai tabbas. Duk hutu yana zuwa Mile 12 tun asuba yana koyon riƙe littafin dillalai a wurina.

Minti goma kafin kiran salla, dattijo ya tsayar da magana. Kada a ƙirga hannu, kada a ce wane ya ci. A zaga, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya karɓa daga bakin wanda suka saɓa. Wanda ya ga musu ya koma son rai, ya tuna hadisin da ya yi alƙawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ke da gaskiya, ya yi shiru. A zamanmu na huɗu yaron ya ce, "Baffa, ni na karɓi cewa tambayar me zan sayar tambaya ce ta gaske, kuma ban gama amsa ta ba." Alhaji ya ce shi har yanzu da lauyan aka ba shi da ya fi so, amma ya yarda abin ba zaman banza ba ne.

Kafin a watse a tsayar da tambayar zama na gaba, don kowa ya kwana da ita. Tamu ta wannan Lahadin Alhaji ne ya kawo ta: hana acaba da gwamnatin Legas ta yi a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, adalci ne ko ba adalci ba? Ya ce a gayyato mutum biyu cikin yaranmu da suka rasa babura, a kuma nemo wanda ɗan acaba ya taɓa kaɗe wa ɗan'uwa, kuma shayin ranar shi zai biya.